Yadda muka tsallake murar hunturun 2023 da ɗa mai sikila a gida

Ni uwar mai sikila ce, kuma duk wadda Allah ya jarrabe ta da irin wannan ta san mu hunturu ba lokacin jin daɗin bargo bane. Da iska ta juyo a watan Nuwamba gabana yake fara faɗuwa, don sanyi kaɗai ya isa ya tayar wa yaron nan ciwon ƙashi, ballantana ace mura ta haɗu a ciki. Shi ne na biyu a 'ya'yana, lokacin yana shekara 7, akwai yayarsa sannan ga auta da ko yaye ta ban yi ba. Gidan namu kuma gidan yawa ne a cikin birnin Kano, sashenmu daban, na ƙanin maigidana da matarsa daban, samarin gidan suna ɗakin zaure, sai Hajiya surukata a tsakiya wadda take fama da asma da ciwon suga shekara da shekaru. Tsakar gida ɗaya, randa ɗaya, yara kuwa kun san halinsu, kofin wannan sashen yana wancan sashen.

Wanda yake Najeriya a farkon 2023 ba sai an tuna masa ba. Lokacin canjin kuɗi ne, an ce tsofaffin dubu ɗaya da ɗari biyar da ɗari biyu za su daina aiki, sababbin kuma babu su, mutum da kuɗinsa a banki amma kayan miyan ɗari biyu ya gagare shi. Maza tun asuba suke sammakon layin banki a cikin hazon nan da ko gaban mutum ba a gani sosai, a cunkushe, wannan yana tari a ƙeyar wancan, wancan yana atishawa a fuskar wannan, su wuni a haka su dawo da dubu biyar in an yi sa'a. Daga can ɗaya daga cikin samarin zaure ya kwaso mana ita.

Da safe lafiya lau ya fita har yana tsokanar yara, kafin magariba ya dawo yana rawar ɗari haƙora na haɗuwa, jiki zafi zau, kai kamar zai tsage, duk gaɓoɓinsa ciwo, ga wani busasshen tari da ba ya fitar da komai. Kowa ya ce maleriya ce, toh mu dai kun san duk zazzaɓi maleriya ne in ya ƙi tafiya kuma a ce taifod. Aka yi masa gwajin nan na ɗigon jini a yatsa ya nuna babu maleriya. Yaron kemis ɗin unguwa ya ce ai gwajin ba ya nuna wata irin, ya haɗo allurai da kafso kala kala, ga shi ba ya karɓar tiransifa. Kafin a gama neman kuɗin ma abokin kwanansa ya kwanta, sai matar ƙanin maigida, sai 'ya'yanta biyu. Maƙota ma haka, duk gidan da ka leƙa akwai wanda ya ƙudundune. Makarantar allon layinmu rabin yaran ba sa zuwa.

Abinda ya ƙara tsorata mu shi ne a daidai wannan lokacin ake ta sanarwar mashaƙo a rediyo, don tun ƙarshen 2022 cutar ta ɓulla a Kano kuma yara take ɗauka. Na kira yayata wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ita nas ce ta daɗe a ɓangaren yara, murya na rawa na ce Yaya gidanmu ya zama asibiti, ki zo don Allah. Ta zo bayan ta tashi daga aiki da takunkuminta a fuska, ta sa kowane mara lafiya ya buɗe baki ta haska da fitilar waya tana duba maƙogwaro, ta shafa wuyansu. Ta ce mashaƙo yana yin wani farin abu mai ruwan toka da yake mannewa a maƙogwaro kuma wuya yana kumbura, waɗannan ba su da shi, amma duk wanda na ga haka a jikinsa kar a jira gari ya waye. Sannan ta tambayi katin rigakafin kowane yaro a gidan, nawa dai sun cika alhamdulillah.

Ta ce abinda take gani mura ce, amma ba irin wadda muka saba ba ta yoyon hanci da mutum yake yawonsa da ita. Wannan mai tsananin ce da likitoci suke cewa infuluwenza, ita lokaci ɗaya take kayar da mutum, kuma ƙwayar bairos ce take kawo ta don haka duk kafson antibayotik ɗin da za a ɗura wa mutum ba ya taɓa ta, shi bakteriya yake kashewa. Mai lafiya yawanci cikin sati guda zazzaɓin yake sauka, tarin ne yake iya jan sati biyu ko fiye. Na ce toh Yaya in dai tana tafiya da kanta ai da sauƙi. Ta kalle ni ta ce ke da kike da mai sikila da goyo da tsohuwa mai asma a gida ɗaya kike cewa da sauƙi? Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta murar nan tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara, kuma waɗanda ta fi yi wa illa su ne tsofaffi daga shekara 65, da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da masu ciki, da masu ciwon da suke tare da shi kamar asma da suga da ciwon zuciya da sikila. Wallahi kamar ta karanto sunayen mutanen gidanmu.

Hajiya tana daga ƙofar ɗakinta tana ji, sai ta ce ai wannan jikar marisuwa ce. Wai kakarta ta sha ba su labarin shekarar marisuwa, yadda ake kai gawa a dawo a tarar da wata, har masu haƙa kabari suka gaza. Lokacin korona ma na ji an yi ta maganarta a rediyo, a 1918 aka yi ta, jirgin ruwa ne ya sauke ta a Legas a watan Satumba, ta biyo layin dogo ta hauro Arewa, an ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Najeriya kaɗai, a duniya kuwa ana maganar miliyan 50. Ita ma infuluwenza ce. Wannan labarin na Hajiya ba ƙaramin taimako ya yi mini ba daga baya, don da ba ta tsorata da kanta ba babu yadda za a yi ni suruka in kafa doka a gidan.

Shi yaron nawa matsalarsa daban ce. Tun yana ƙarami likitan asibitin da muke zuwa duk wata ya yi mini bayani cewa sikila tana lalata saifa tun ana yara, ita kuwa saifa tana cikin masu tace ƙwayoyin cuta daga jini, shi ya sa abinda wani yaron zai yi kwana uku ya miƙe shi sai ya kai shi gado. Ga kuma wani abu da suke tsoro na ƙirji, inda ciwon yake kama huhu numfashi ya gagara, kuma mura tana cikin abubuwan da suke tayar da shi. Dokar da aka ba ni ita ce in zafin jikinsa ya kai 38.5 babu zancen a ba shi farasitamol a gani, asibiti kawai ko da tsakar dare ne. Don haka ma'aunin zafi yana cikin jakata ko biki zan je.

Daren nan muka juya sashenmu. Yaron da yayarsa suka koma uwar ɗaka, aka hana su tsakar gida sai da rana tsaka in marasa lafiya suna ciki. Na ware musu kofi da kwano da cokali da buta, na ɗaura wa butar jan ƙyalle don kar a yi kuskure. Randar tsakar gida da kowa yake tsoma moɗa ya kafa baki ya mayar, na roƙi Hajiya ta sa aka ajiye moɗar ɗiba daban, kowa ya zuba a kofinsa. Na ajiye sabulu da buta a bakin ƙofarmu, duk wanda zai shigo har maigida sai ya wanke hannu sosai, ba irin tsoma yatsu a ruwa ba, a cuɗa bayan hannu da tsakanin yatsu kamar na daƙiƙa 20. Mariƙin ƙofa da kan famfo da rimot da wayoyi kullum sai na goge, saboda Yaya ta ce ƙwayar tana iya kwana a kan ƙarfe ko roba da ranta. Takunkuman da suka rage tun 2020 na zaƙulo su daga ƙasan akwati na wanke, duk mai kai wa marasa lafiya abinci ya saka, shi ma mara lafiyan in zai fito bayi ya saka.

Abinda ya ba ni mamaki a bayaninta shi ne mutum yana iya fara yaɗa ta tun kwana ɗaya kafin shi kansa ya ji alamar komai, ya ci gaba har kwana 5 zuwa 7, yara ma su fi haka. Ke nan wanda ya ce miki shi lafiyarsa ƙalau ba hujja bace.

Sai rigimar taga. Mu da hunturu ai toshe ko ina muke yi, har tsumma ake cusawa a ƙasan ƙofa, a kawo kaskon gawayi a ajiye a tsakar ɗaki, a zuba turaren wuta a kai ɗaki ya yi ɗumi ya yi ƙamshi. Yaya ta ce wannan shi ne abinda ƙwayar take so, ɗaki a rufe mutane da yawa suna shaƙar numfashin juna. Gawayin kuma a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutane su kwanta barci a wayi gari babu su. Hayaƙin turaren kuwa shi yake tayar wa Hajiya asma tana cewa sanyi ne. Toh amma ni kuma yarona sanyi ne abokin gabarsa, in na buɗe taga da asuba na jawo wani ciwon. Sai muka raba, da hantsi in rana ta ɗaga ƙura ta lafa a buɗe tagogi da ƙofa iska ta ratsa, shi kuma yana cikin rigar sanyi da safa da hula, da yamma a rufe. Kaskon a ɗumama ɗaki da shi ƙofa a buɗe, kafin a kwanta a fitar da shi waje. Shara kuma sai an yayyafa ruwa. Raba Hajiya da turaren wutarta sai da ɗanta ya sa baki, ta yi kwanaki tana mita wai ɗakinta ya koma warin asibiti.

Amma wallahi duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar 'yan dubiya. Mu mutane ne masu zumunci, da an ji gidan wane babu lafiya sai a yi ta zuwa, mata da goyonsu, a cika ɗaki, a zauna a bakin gadon mara lafiya a taɓa goshinsa, a sha ruwa a kofin da aka tarar, sannan a zagaya kowane sashe a gaisa a ɗauki jariri a sumbace shi. Abu ne mai lada ban musa ba. Sai dai wanda ya zo dubiya ko ya tafi da ita gidansa ko ya zo da wata ya ajiye. Maigida ya ce ke yanzu wa zai tsaya a ƙofa ya ce wa dangi su koma? Na ce Abban yara ba korarsu za a yi ba, a gaisa daga tsakar gida, sashena ne kawai ba za a shiga ba. Ya yi shiru ya ce toh ki san yadda za ki yi da Goggo.

Goggon nan ƙanwar marigayi mahaifin su maigida ce, a gidan aka haife ta, in ta shigo ko Hajiya gyara zama take. Ranar da ta zo ita kanta tana tari tana sharce hanci da gefen mayafi, ta gama da sashen ƙanin maigida ta nufo nawa tana kiran ina mijin nawa, haka take ce wa yaron. Na fito da sauri na ja ƙofa na durƙusa a bakinta na gaishe ta, na ce Goggo ki yi haƙuri ki gafarce ni, likita ya ce kar mai tari ya matso kusa da shi, ga shi can ta taga zai gaishe ki. Tsakar gidan ta yi tsit. Ta ce ni za ki hana shiga ɗaki a gidan ubana? Cuta ai ta Allah ce, wanda aka rubuta wa ko a cikin kwalba aka saka shi sai ta same shi, mu da muka haifi goma muka raina ba mu san wannan iyayin ba. Ni dai kaina a ƙasa hawaye na zuba amma ban matsa daga ƙofar ba. Hajiya ce ta fito ta ce wa Goggo ki bar yarinyar nan, ni na ga daren da suke kwana a asibiti da yaron nan, kuma ai Manzon Allah (SAW) da kansa ya ce in annoba ta sauka a gari na ciki kar ya fita na waje kar ya shiga. Goggo ta ja mayafinta ta fita ko sallama babu.

Daga ranar na lura maganar addini ta fi shiga kunnen mutanenmu a kan maganar likita. Yaran gidan ma da na gaji da cewa ku rufe baki, sai malamin islamiyyarsu ya faɗa musu ya zo a hadisi cewa Annabi in zai yi atishawa yana rufe fuskarsa da hannu ko da tufafinsa ya sassauta murya, shi ke nan suka koma gasa har suna kai ƙarar juna. Ni kuma na ƙara musu da cewa a cikin gwiwar hannu ake yi ba a tafi ba.

Maganar garkuwar jiki kuwa, a lokacin ne masu talla suka yi mana caa. Duk status ɗin WhatsApp da ka buɗe wata tana sayar da haɗin ƙarfafa garkuwa, kwalba ɗaya kuɗin cefanen sati, wai daga Dubai wai daga Indiya, ko lambar NAFDAC babu a jiki. Na tura wa Yaya hoton wani na ce in saya wa yaron? Ta ce garkuwar jiki kamar yaɓen katanga ce, da rani ake yin sa ba sai hadari ya haɗo ba, kuma babu kwalbar da za ta yi miki shi a dare ɗaya. Abinci ne da barci da ruwa da rigakafi, sai kuma kula da ciwon da mutum yake da shi tun asali. Ko bitamin C da ake ta rububi ta ce binciken da aka yi ya nuna ba ya hana yawancin mutane kamuwa da mura, iyakarsa ya ɗan rage kwanakinta kaɗan, kuma gwaba ɗaya ta fi lemon zaƙi yawansa.

Allah ya taimake mu hunturu lokacin kayan lambu ne a Kano, karas da kabeji da latas da tumatir da tattasai na noman rani daga su Kura da Kadawa suna shigowa, lemo kuma ga shi nan jibge a 'Yan Lemo. Matsalar dai takardar kuɗi. Akwai wani mai kayan miya a bakin layi da ya yarda yana rubuta mana a littafi, Allah ya saka masa, in maigida ya samo kuɗi a biya. Da haka na dinga haɗa abinda ya samu. Kwaɗon zogale da ƙuli da tumatir da albasa, faten wake da alayyafo, miyar kuka da daddawa da busasshen kifi, ɗanwake da ƙwai in an samu, kunun gyaɗa da safe, zoɓo mara sukari da yawa, garin ƙwalba da nono a dama wa yara. Nama sai jefi jefi, amma wake da gyaɗa da kifi sun rufa asiri. Na Hajiya daban nake yi saboda suga, tuwon kaɗan ganyen da yawa, ba zuma ba sukari. Ruwa kuwa dole nake yi wa yaron, don da sanyi yara ba sa jin ƙishirwa shi kuma bushewar jiki tana tayar masa da ciwo, na samo gora na ɗan ɗumama ruwan ina bin sa da ita, ga magungunansa na kullum su folik asid ba fashi.

Su citta da kanumfari da lemon tsami da zuma ban raina su ba, kullum akwai filas ɗin shayinsu a gidan kuma gaskiya suna sanyaya maƙogwaro suna rage tarin dare. Habbatus sauda ma muna sha don albarkar hadisin da ya zo a kanta. Abinda ban yarda da shi ba shi ne a ce an sha su don haka ba sai an je asibiti ba. Samarin zaure kuwa ɗanyar tafarnuwa suka dinga tauna har liman ya yi musu nasiha a kan shiga sahu da warinta. Auta ban ba ta zuma ba don ba ta cika shekara ba, an hana ba wa jariri zuma kafin shekara ɗaya. Sirace ma manya kawai, na taɓa ganin yaron maƙota da tukunyar ruwan zafi ta kife masa a cinya garin sirace.

Barci shi ne abinda ni kaina na fi gazawa a kai, uwa mai goyo ga ɗinki ga hidimar marasa lafiya. Yaya ta ba ni labarin wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2009, aka ɗiga wa mutane ƙwayar mura a hanci da yardarsu, waɗanda suke barcin ƙasa da awa 7 suka ninka masu awa 8 kamuwa kusan sau uku. Ta ce in kika kwanta wa zai kula da su? Sai na ajiye keken ɗinki na wancan lokacin, na mayar wa mutane kayansu da haƙuri, bayan isha kowa ya kwanta, waya a kashe, dama wutar ma ba kawowa ake ba.

Duk da haka ta shigo sashenmu, ta hannun maigida, don shi ba yadda za a yi ya daina fita. Ya koma falo shi kaɗai, ni ce mai shiga da takunkumi in fito in wanke hannu in canza hijabi kafin in taɓa yara. A nan na kama shi yana haɗa farasitamol biyu da maganin mura na kati biyu lokaci guda, na karanta bayan katin na ga shi ma akwai farasitamol a ciki, ga shi babba ba a so ya wuce giram 4 a yini don yana lalata hanta. Ya so a nemo masa maganin tari mai kodin wai shi ne mai sa barci, na ce ai tun 2018 gwamnati ta hana shi, ka sha zumarka. Bayan shi sai auta. Jikinta ya yi zafi ta ƙi wasa, amma tana kama nono, na ci gaba da ba ta akai akai. Yaya ta koya mini ƙirga numfashi, a ɗaga riga a kalli agogo minti ɗaya cif lokacin da yaro yake kwance shiru, ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50 ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko kuma ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya ƙi shan komai, ko ya yi ta barcin da ba a iya tashinsa, toh nimoniya ake tsoro a tafi asibiti. Ta kuma ja kunnena kar in kuskura in ba yaro mai mura asfirin, yana iya jawo wata cuta da take taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Na autar bai kai can ba, ta warware a hankali. A kwanakin nan yayarsu ce ta koma uwar ɗan'uwanta, ita take ba shi abinci da magani ni ina daga bakin ƙofa ina faɗa mata.

Hajiya ce ta ba mu tsoro. Ta kamu, ta yi kamar ta samu sauƙi har ta fito tsakar gida shan hantsi, sai zazzaɓin ya dawo ya fi na farko, tarin ya koma mai kauri, numfashi yana fita da ƙara inhela ta daina yi mata aiki, suga kuma ya hau don ta daina cin abinci ta daina shan maganinta wai bakinta ɗaci. Cikin dare aka nemo mai adaidaita aka kai ta. Likita ya ce nimoniya ce ta biyo bayan murar, ya ce zazzaɓin da ya tafi ya dawo alama ce da ba a wasa da ita. A nan ne aka ba ta antibayotik na gaske ta jijiya, da iskar oksijin, don yanzu bakteriya ce ta samu ƙofa ta shiga huhu. Ya ce akwai maganin ita murar kanta, oseltamibir, wanda ake ba irin su Hajiya, amma ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48 da fara ciwo, don haka tsoho ko mai ciki ko mai wani ciwon bai kamata ya zauna a gida yana gwada jiƙo ba. Ta yi kwanaki a kwance aka sallamo ta ta rame, sai wajen azumi ƙarfinta ya dawo.

Yaron nawa kuwa, wanda saboda shi aka yi duk wannan faɗan, Allah cikin ikonsa ko atishawa bai yi ba har iskar ta wuce. Ni ma ban kwanta ba. Kullum safe da dare ina saka masa ma'auni a hammata ina addu'a, kullum lafiya. Da muka koma asibiti ranar ganin likitansa na ba shi labari, ya ce a irin gidan nan abinda kuka yi shi ne daidai, sannan ya kawo maganar allurar rigakafin infuluwenza. Ba ta cikin waɗanda ake yi wa yara kyauta a sha ka tafi, sai an nema an biya, kuma duk shekara ake sabunta ta saboda ƙwayar tana canza kama, tana ɗaukar kamar sati biyu kafin ta fara aiki don haka kafin sanyi ya shigo ake yi. Ya ce ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari amma tana rage tsananin da yake kai mutum gadon asibiti, Saudiyya ma tana shawartar maniyyata su yi ta kafin su taho. Wannan ta Saudiyyar ce ta sa Hajiya ta yarda, da cewa ta yi ita ba za a mayar da ita jaririya ba. Yanzu tun daga watan Oktoba nake fara tara kuɗinta a asusun ɗinki, ta mutum biyu, shi da kakarsa.

Goggo dai mun shirya, na je har gida da turmin atamfa da goro maigida ya raka ni na ba ta haƙuri ta ce ya wuce. Amma har yau in ta zo gidan ba ta shan ruwa a sashena, sai dai ta ciro hamsin daga bakin zani ta aiki yaro ya sayo mata fiya wata, in an tambaye ta ta ce kar ta shafa wa 'yan boko cuta.